Wayar Umma a Ƙarƙashin Fanka

Akwai wani mai gyaran waya da ake ji da shi a layinsu, yana da ƙanwa, Auta. Da Ummansu ta rasu, Auta ta ɗauke tsohuwar wayarta ta ɓoye, don akwai saƙonnin muryarta a ciki. Ba ta gaya wa kowa ba, tsoro take kar a karɓe.

A ƙugunta take soke ta. In ta duƙa wanki wayar ta lanƙwasa kaɗan, in ta miƙe ta koma. A haka har ta daina kunnuwa.

Ta kai wayar shagon Yaya, ta ce ta ƙawarta ce. An canza wa wayar riga, bai ma gane ta ba.

Ya buɗe, ya nuna mata wani baƙin abu kamar farce, ya ce nan ne komai yake ajiye. A ƙasansa akwai 'yan ƙwallayen dalma, ba su kai ƙwayar yashi ba, lanƙwasar ce ta tsinka su. Ya ce sai an gasa a hankali, a bar shi ya huce da kansa, don shi da allon cikin wayar da yake manne a kai ba tare suke buɗewa da zafi ba, ba tare suke tsukewa ba.

To abokansa na zaune a benci. Ɗaya ya ce, "Injiniya, waya kake gyarawa ko kaza kake gasawa? Na tsallaken titi da tuni ya gama."

Aka yi dariya. Auta ta ga kunnen Yaya ya motsa. Ta so ta yi magana, bakinta ya ƙi.

Ya ƙara wuta. Yana gamawa ya ɗaga allon ya kara a fanka. Sai wata 'yar ƙara, ƙas. Abin ya tsage gida biyu.

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ta ba ƙawar haƙuri, zai nemo mata wata wadda ta fi wannan.

"Yaya, ta Umma ce," in ji Auta. "Muryarta tana ciki. Babu ita a ko'ina kuma."

Yaya ya kalli allon, ya ce a hankali, "Da kin faɗa min."

"Da ta wani ce shikenan ba komai?"

Ya miƙa hannu ya kashe fankar.

Darasi: Kar dariyar mutane ta sa ka gaggauta aikin da ka san haƙuri yake so, ba ka san me ke cikin abin da aka ba ka amana ba. Ke ma mai ɓoye-ɓoye, ki yi magana tun da sauran lokaci. Don Allah ku tura wa wasu su karanta.