Kwana Arba'in na Korau Marini

A zamanin da, a wata ƙasa da ba a damu da riƙe sunanta ba, an yi wani sarki da ƙara iri ɗaya ta gundura: mutum ya sayi sana'a da tsada, tsohon mai ita ya tafi, masu ciniki su watse. Sai ya yi doka bisa shawarar Waziri, cewa duk mai son sayar da sana'arsa sai ya yi kwana arba'in a zauren Waziri, ba aike ba saƙo. Abin da ya ci gaba da tafiya a bayansa, shi za a yi wa kuɗi.

Dokar ta fara faɗawa kan Korau marini, mai karofi bakwai, wato ramukan rini. Gwiwoyinsa sun gaji, yana son abin da zai sayi gona da shi a ƙauyensu ya zauna, wani falke kuma mai suna Tunau ya taya. Shekara talatin Korau bai bari kowa ya ga yadda yake haɗa baba da toka ba. In ranar haɗi ta zo, sai ya aiki babban ma'aikacinsa Cindo kasuwa neman abin da babu, har Cindo ya yi furfura a hanya.

Kwana tara da tsare shi, labari ya iso zaure: rini ya lalace, zane na fitowa fari-fari, mata sun kwashe kayansu. Cindo ya zo ƙofa sau shida, dogarai suna mayar da shi. Korau ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ai dama ya faɗa.

Ran arba'in Waziri ya yanka kuɗi a gaban sarki, ya ce na ramuka bakwai ne, tunda su kaɗai suka tsaya. Korau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce Allah ya ja zamanin sarki, shi kuma sunan da ya yi a rini fa? Waziri ya amsa a hankali cewa sunan zai bi shi ƙauye, kuma Tunau bai ce zai sayi tsoho ba.

Korau ya roƙi shekara guda, aka ba shi. Ya zaunar da Cindo bakin karofi, ya nuna masa awon toka, da yadda ake ɗanɗana ruwan a san ya nuna. Yana koyarwa yana tsaki, kamar wanda ake cire wa haƙori. Ya kai shi gidajen manyan masu kawo zane, ya ce daga yau wannan za a nema.

Da shekara ta zagayo ya koma zauren. Kwana arba'in suka wuce shiru. Rini ya yi kyau. Wasu marasa kunya ma suka ce ya fi na da. Sarki ya sa Tunau ya biya cikakken kuɗi, ya kuma bar Cindo a kan aikin.

Waziri ya ga Korau ya karɓi kuɗin fuska a murtuke, ya tambaye shi ko an rage masa wani abu.

"Ba a rage ba, ranka ya daɗe. Sai dai kwana arba'in, ko mutum ɗaya bai zo cigiyata ba."

"To ai abin da Tunau ya saya ke nan," in ji Waziri.