Rijiyar Inna Tambai

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun famfo bai kai ko'ina ba, ana ce masa Mati mai facin keke. Shi ba malami ba, ba attajiri ba. Da mahaifiyarsa Inna Tambai ta rasu, ya rasa abin da zai yi mata sadaka da shi, sai ya ɗauki diga ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa, ya ce duk wanda ya sha, ladan na Inna ne. Duk macen da ta ja guga sai ta ce, "Allah ya jiƙan Tambai." Mati yana zaune yana liƙe taya, yana jin addu'ar nan, ransa fari ƙal.

To, ku saurara. Wata damina ciwo ya shigo wa yaran unguwar. Zawo ya fara kama yaro, ya rame, sai tari ya biyo baya ya sauka a ƙirji, ka ga haƙarƙarinsa yana shiga yana fita. Har jikar Mati, Ladiyo, ta kwanta. Sai ga masu bincike daga birni, suna auna numfashin yara, suna ɗibar ruwan rijiyoyi a 'yan kwalabe. Da sakamako ya fito, shugabarsu, Likita Zuwaira, ta ja Mati gefe.

Ta ce, "Baba, masai na bayan katangar nan yana tsiyaya cikin rijiyarka. Ruwan ke sa yara zawo, jikinsu ya yi rauni, ciwon ƙirji ya samu hanya. Mun faɗa wa mata, sun ce ruwan sadaka ba ya cutarwa. Kai kaɗai za su ji."

Mati ya ce, "'Yata, rijiyar Inna ce fa."

Jama'a, ku gane abin da yake tsoro. In ya rufe rijiyar, addu'ar da uwarsa ke samu kullum ta yanke. Maƙwabcinsa Barau, wanda bai taɓa rasa shawara ba ko ba a tambaye shi ba, ya ce, "Kai dai ka yi shiru. Baƙi ne, za su tafi. Jefa alif, ruwa ya yi garau. Ko so kake a ce rijiyar uwarka ce ke kwantar da yara?"

Mati ya shiga gida, ya tsaya a kan Ladiyo yana jin yadda numfashinta ke fita da ƙyar. Da aka idar da La'asar ya miƙe a masallaci ya ce, "Jama'a, ruwan rijiyata ne ke kwantar da yaranmu. Kada wanda ya ƙara sha." Da hannun da ya haƙa rijiyar, da shi ya rufe ta da siminti.

Mata suka koma tafiya mai nisa, suna tafasa ruwa suna mita. Ƙofar Mati ta yi tsit, ba guga, ba addu'a. Wannan shirun ya dame shi ƙwarai.

Amma da magani da ruwa mai kyau, tari ya fara ja da baya. Wata safiya Ladiyo ta tashi zaune ta ce ƙosai take so. Ran nan wata mata ta zo wucewa da tulu a ka, goyonta yana barci lafiya lau. Ta tsaya a gaban rufaffiyar rijiyar ta ce, "Allah ya jiƙan Tambai, da ta haifi wanda ya rufe rijiyar nan." Mati ya ajiye tayar hannunsa, ya yi ajiyar zuciya, hawaye na zuba, yana ta cewa alhamdulillahi.

'Yan'uwa, fara alheri yana da daɗi, domin ana yabonka. Jarrabawar tana ranar da aka nuna maka alherin naka yana cutarwa. Kowannenmu yana da rijiyarsa: wani sana'arsa, wani al'adar gidansa. In masana suka auna suka ce akwai cuta, kada ka kare sunanka da ƙirjin yaran mutane. Ka rufe, domin Allahn da ka haƙa dominsa yana ganin ranar rufewar ma.