Gizo da Barankacin Bushiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Ran wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, Gizo ya leƙa gonar maƙwabciyarsa Bushiya. Gonar nan fako ce, ta gaji, ko ciyawa da ƙyar take fita. Sai ya ga ta shuka barankaci tsakanin kunyoyin gero, waken nan mai yaɗo, mai kwafsa kamar takobi. Ganye kore shar. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Ya koma gida ya ƙi cin tuwo. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, gonarmu na jiran noma. Abin da ya rage a rumbu ba zai kai mu kaka ba."

Ya ce, "Ke, rufe mini baki! Wannan 'yar dunƙulen mai ƙaya ce za ta fi ni kore?"

Ya faki ido, ya ɗauki lauje, ya sare barankacin duka ya bar shi kwance. Ganyen ya rufe ƙasa, ya riƙe laima, ya hana ciyawa fita. Gero ya miƙe.

Da damina ta zagayo Bushiya ta sake shukawa. Gizo ya ce, "Bara na bar shi a fili, bana kabari zan yi masa." Ya sare, ya bi da garma ya binne. Ganyen ya ruɓe, fako ya zama baƙar ƙasa. Bushiya ta gina sabon rumbu.

Shekara ta uku Ƙoƙi ta ce, "Maigida, yara sun rame."

Ya ce, "Su yi haƙuri, saura ƙiris in gama da ita."

Ya tare a gonar mutane, yana sara yana binnewa, har da kaftun ƙasa da garma. Tasa kuwa ciyawar wuta-wuta ta cinye.

Da kaka sai ga Bushiya da damin gero guda a ka. Ta ce, "Salamu alaikum, maƙwabci. Sannu da aiki! Ina cikin ramina ina kallonka. Ni ƙafafuna gajeru ne, ba na iya garma. Ga ladanka."

Gizo ya ce, "Ɗauke abinki! Ni na yi kama da ɗan ƙodago?"

Ƙoƙi ta miƙa hannu. Ta karɓi damin, ta goya ƙaramin yaron, ta tasa manyan gaba, ta tafi gidan iyayenta.

Waɗanda suka saura a gidan: Gizo, da gara a cikin rumbu, da wani tsohon ƙadangare a bakin murhun da ya huce.

To, kun ji, jikokina. Hassada ga mai rabo taki ce, shi kuwa mai yin ta, gidansa take fara ci.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Mai ƙwarin ƙafa ya ɗauki mai barci, a tafi a kwanta.