Marigayin da Bai Daina Rubutu Ba

Maigidana malamin jami'a ne, masanin tsirrai. Mutum ne mai kirki, amma yana da ciwo guda: son lamba. A wurin aikinsu ana auna malami da yawan muƙalun da ya buga, da yawan masu ambatonsa, da masanan wasu fannoni da ya haɗa hannu da su. Ni karatuna bai yi nisa ba. Abin da na sani shi ne, kafin ya amsa gaisuwata da safe sai ya duba lambar nan a waya. In ta hau, gida ya yi daɗi. In ta tsaya, ko shayi ba ya sha.

Akwai wani Farfesa masanin magunguna da ya riƙe shi kamar ɗa. Aikin da suka yi tare shi aka fi ambato. Da Allah ya yi wa Farfesa rasuwa, lambar ta tsaya cik.

Wata rana ina goge tebur na ga sunan marigayin a saman sabuwar muƙalar maigidana, cikin marubuta.

Na ce, "Malam, ba Baba Farfesa ba ne wannan?"

Ya ce, "Kai, amarya ta fara bincike! Da yana raye ai zai yarda."

Da yamma na ga ya juya hoton Farfesa ya fuskanci bango.

Lamba ta ci gaba da hawa. Har adireshin imel ya buɗe da sunan marigayin yana amsa wa mujallu. In yana rubutun sai in ji ya yi gyaran murya irin na Baba sak.

Daga baya aka gano kuskure a ma'aunin wani magani cikin muƙala ɗaya. Da yake fannin Farfesa ne, aka ce tsohon aikinsa ne, laifin ya hau kansa. Aka cire allon sunansa daga ƙofar ɗakin karatun jami'a. Maigidana ya bar laifin a kan mamaci.

Ran nan da azahar sai ga Mama, matar marigayin, da allon sunan a naɗe cikin zane. Na kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta ajiye allon a gaban maigidana.

Ta ce, "Ɗana, da sunansa fes muka binne shi. Wa ya tashe shi ya sa shi ƙarya?"

Washegari ya je jami'a ya faɗi gaskiya, aka sallame shi daga aiki. An mayar da allon, amma Mama ba ta sake taka gidanmu ba. Har yau wayar kan yi ƙara, saƙo ya shigo adireshin marigayin: "Ranka ya daɗe, Farfesa." Sai maigidana ya kife ta.

Darasin shi ne, lamba ma'auni ce kawai, ba ita ce ilimin ba. Wanda ya ari sunan da bai wahala a kansa ba, mai sunan zai fara ɓatawa, sannan kansa. Mamaci ba ya iya kare kansa. Sunansa amana ne a hannun masu rai.