Shirun Firdaoussi a Gaban Alƙali

Akwai wani dattijo a Morrisania, cikin Bronx ta ƙasar Amurka, ana ce masa Alhaji Gafaru. Mutumin Zangon Kumasi ne, yana da motocin haya masu jigila zuwa filin jirgin sama na JFK, kuma shi ne shugaban ƙungiyar iyaye ta masallacinsu. Duk taron da ya karɓi makirfo, maganarsa ɗaya ce: yaran Amurka sun lalace, sai an matse su.

Mahaifiyarsa, Mma Rafia, tana zaune ita kaɗai a unguwar Concourse Village. Ta tsufa, ƙafafu sun daina ɗaukarta. Alhaji ya samo mata mai kula ta hannun wani kamfani, daga nan ya ɗauka ya sauke nauyi. Sai dai waya ranar Juma'a: "Mma, lafiya? To, madalla."

Mai kula da ita wata 'yar Maraɗi ce, Salamatou. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Firdaoussi, da ke ajin ƙarshe na sakandare. Yarinya mai kwanya, irin wadda malamai ke kafa misali da ita.

Wata safiya Salamatou ta ɗago tsohuwar daga bahon wanka, sai bayan ita Salamatou ɗin ya riƙe. Ko tsayuwa ta gagare ta. Ta san idan kamfani ya ji, wata za a ba aikin, kuma aikin nan shi ne rufin asirinsu.

Sai Firdaoussi ta ɗauki wayar uwarta, domin da wayar ake shaida wa kamfani cewa ma'aikaciya ta iso. Kullum bayan asuba ita ke zuwa. Ta yi wa Mma Rafia wanka, ta dama mata koko, ta ba ta magani, sannan ta ruga makaranta rana ta take. Ranar da jikin tsohuwa ya motsa, ba ta zuwa gaba ɗaya.

Ku lura fa, duk da haka ba ta faɗi jarabawa ko ɗaya ba. Amma makaranta ba gajiya take dubawa ba, kujerar da babu kowa take gani. Magana ta kai kotun iyali. Alƙali ya ja mata kunne, fashi bai tsaya ba, aka sake kiranta.

Salamatou ta buga wa Alhaji waya. "Alhaji, don Allah ka tsaya wa Firdaoussi a matsayin uba a kotu kan maganar lakwal ɗin nan, fashin makarantar da take yi. Turancina bai kai ba."

Ta kuma riƙe hannun 'yarta. "Ko me za su tambaye ki, kada ki ambaci aikin nan. In ya fito, mun shiga uku."

Alhaji ya ɗauki yarinyar a motarsa. Har suka isa yana kan waya da direbobinsa. Ko sau ɗaya bai juyo ya ce, "'Yata, me ke faruwa?" ba.

Alƙali ya tambaye ta ina take zuwa da safe. Firdaoussi ta sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mata a gaban manya.

"Ki dube ni in ina magana!"

Ta ƙara sunkuyarwa. A gidansu wannan ladabi ne. A idon alƙalin kuwa raini ne tsagwaronsa. Ya juya ga Alhaji ya tambaye shi ko akwai matsala a gida.

Alhaji ya gyara babbar riga. "Ranka ya daɗe, babu komai sai taurin kai. Uwarta tana fita aiki kullum da sassafe, ni shaida ne, don mahaifiyata take kula wa. Wannan kuwa Allah kaɗai ya san inda take zuwa. In ka sake ta, gobe sauran yaranmu za su bi sahu."

Alƙali ya ba da umarni ta kwana a gidan tsare yara, ta zama izina.

Da za a wuce da ita, ta tsaya kusa da Alhaji. "Baba Alhaji, don Allah gobe da safe ka je wurin Mma."

"Ke ce za ki koya mini kula da uwata? Wuce!"

Kafin la'asar ya aika saƙon murya a zauren WhatsApp na iyaye, yana alfahari cewa yau an gyara guda ɗaya. Jama'a suka yi caa. Wani ya saka hotonta na ranar salla, aka bi shi da dariya. Wata Hajiya Damata ta ce, "Ni dama na sha ganinta tana fitowa daga wani gini a Concourse da hantsi, ido ya yi ja. Ku tambaye ta wurin wa take zuwa."

Salamatou tana cikin zauren. Tana kwance tana sauraren komai.

Washegari ta yi ta kiran Alhaji, ya ƙi ɗauka, a zatonsa magiya za ta yi. Ta ja jiki har bakin matakala, ta kasa sauka. Sai da azahar ta kusa ta haƙura da rufin asiri, ta kira Kofi, maƙwabcin tsohuwar. Da aka buɗe ƙofa, aka tarar da Mma Rafia a ƙasan banɗaki. Ta gaji da jira, ta yi ƙoƙarin kai kanta, ƙugu ya karye.

Alhaji ya iso asibiti da mutanen masallaci a bayansa. Tsohuwa ta buɗe ido. "Ina Firdaoussi? Yarinyata ba ta zo ba."

"Salamatou kike nufi, Mma."

"Kai, Gafaru! Salamatou tana kwance tun kafin azumi. Yarinyar ce ke wanke ni, ita ke kwashe abin da kai ba za ka iya kallo ba. Da kana zuwa, da ka sani. Ina take?"

Kofi ne ya amsa. "Mma, tambayi ɗanki. Shi ya sa aka kulle ta."

Labari ya bazu har wajen unguwa. Waɗanda suka yi dariya jiya su ne suka fi ɗaga murya yau. Hajiya Damata ta goge saƙonta, ta rubuta, "Ni dama na san 'yar albarka ce." Mutane suka yi ta ɗaukar bidiyo suna yaɗawa, ana tsine wa alƙali, ana ba da labarin wayar da aikin filla-filla don mutane su ƙara jin tausayi.

Tausayin ya kai kunnen kamfani. Aka kori Salamatou. Asirin da yarinya ta kwana a tsare don ta rufe, masu tausayinta suka tone shi, kowa kuma ya koma harkarsa.

Alhaji kuwa, aka sauke shi daga shugabanci. Mma Rafia ba ta sake taka ƙasa ba. In ya shigo, sai ta juya fuska bango. Ta ƙi cin abinci daga hannun kowa.

Dole ta sa ya hau matakalar gidan Salamatou, hula a hannu. "'Yata, ki yafe mini. Mma ta ƙi cin komai. Ke take kira."

Firdaoussi ta ɗago kai. Karon farko a rayuwarta ta dubi babba ido cikin ido.

"Zan je, don ita. Kai kuma ka tsaya a waje."

Da suka isa ɗakin Mma kuwa, a wajen ya tsaya, yana jin ƙarar cokali ta bayan ƙofa, tsohuwa tana cin abinci.

Darasi: Kafin ka yanke wa yaro hukunci, tambaye shi tukuna, domin wani shirun ba raini ba ne, nauyin manya ne yake ɗauke da shi. Kada ka yi shaida kan abin da ba ka sani ba, kada kuma ka yaɗa sirrin mutum da sunan tausayi. Ka tura wa iyaye da shugabannin unguwa wannan labari, wataƙila ya sa wani ya yi tambaya kafin ya buɗe baki.