Taswirar da Mu'azzam Ya Goge

Ku matso, jama'ar wannan shafi. Akwai wani matashi a Pantami mai suna Mu'azzam, gwanin haɗa manhajar kwamfuta. Gwani ne kam, amma zuciya gare shi kamar kuturu.

Shi da abokin sana'arsa Arinze suka karɓi aikin tsofaffin kwamfutocin makarantar Hajiya Safiyyatu, waɗanda ɗalibai za su rubuta jarrabawa da su. Matsalar ita ce memorinsu, wato ma'ajiyar da suke aiki da ita, ɗan mitsitsi ne.

Ita kwamfuta, da an kunna ta takan zana taswirar memorinta don ta san inda za ta ajiye komai, daga baya kuma ta sake zana wata. Arinze ya yi dabara, ya sa ta ci gaba da amfani da ta farkon, ba sai ta zana ta biyu ta cinye wuri ba. Wurin da aka samu ya ishi manhajar jarrabawar.

Hajiya ta yaba masa a gaban malamai. Shi ke nan fa, Mu'azzam ya cika ya yi fam! Kullum baƙar magana, har Arinze ya gaji ya bar masa aikin.

"Ka riƙe komai," in ji Arinze, "amma kar ka taɓa taswirar nan."

"Kai ne za ka koya min? Wallahi ko layi ɗaya naka ba zai kwana a ciki ba!"

Mu'azzam ya goge aikin Arinze, ya bi kowane kwafi da ke makarantar ya goge. Ya rubuta nasa mai taswira biyu, ya gwada a sabuwar kwamfutarsa mai ƙaton memori, ya ga tana gudu.

Ranar jarrabawa yara suka zauna, aka kunna. Kwamfutoci suka cika, suka sandare. Wasu yaran har sun fara kuka.

"Malam Mu'azzam, mayar min da su yadda suke da!" in ji Hajiya.

Da me zai mayar, tunda duk ya goge?

Hajiya ta kira Arinze, ya taho daga unguwar Madaki da nasa kwafin a aljihu. Mu'azzam ya miƙa masa hannu.

"Matsa min," in ji Arinze. "Don yaran nan na zo."

Kwamfutoci suka tashi, yara suka fara rubutu. Hajiya ta karɓe makullin ɗakin daga hannun Mu'azzam, ta ce wa maigadi ya raka shi bakin ƙofa.

Darasi: Kada ƙin mutum ya sa ka rushe aikinsa mai kyau, wataƙila a kansa kake tsaye. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu hassada a wurin aiki.