Chinar da Ba Ta Wuce Jos Ba

Akwai wata yarinya a Azare, sunanta Jamila, mai shagon takalma da jakunkuna a cikin kasuwa. Mutanen wannan shafi ku gyara zama, domin har yau in aka tuna mata labarin nan tana cin abinci, sai ta ajiye cokali.

Su uku ne ƙawaye tun firamare. Ita, da Zulaiha mai sayar da abaya da mayafai, sai Ebere mai shagon caja da rigar waya. Ebere a Azare aka haife ta, babanta kayan gyaran babur yake sayarwa, Hausa a bakinta har da karin Katagum.

Dukansu kayan China suke sarowa, amma babu wadda ta taɓa taka ƙasar. Akwai ejan, wato wakilin da ke saro musu kaya, a birnin Guangzhou. A tura masa hoto ta waya, ya saya, ya ɗora a jirgin kago mai dakon kaya, kaya su sauka Kano, a sako su a motar Azare.

To duk mai wannan harka ya san abu ɗaya. Idan bikin Sabuwar Shekarar mutanen China ya zo, ƙasar kulle take. Masana'antu a rufe, kasuwanni a rufe, kowa ya kama hanyar ƙauyensu ganin iyaye. Ejan ɗin ma sai ya turo hoton jar fitila ya kashe waya.

Ebere ce ta kawo shawara. Ta ce, "Masu kayan sun tafi hutu, mu laifin me muka yi? Ku tashi mu je Jos gidan gwaggona, mu sha sanyi, mu ga duwatsu, mu dawo."

Jamila ta fi kowa murna. Shekara guda ba ta rufe shago ba sai ranar Sallah. Ta nemi izini a gida aka ba ta, ta haɗa 'yar jakarta.

Zulaiha kuwa ta ce su yi gaba, tana da wani uzuri, su haɗu a tashar Bauchi.

A tashar suka same ta tsaye da akwati kamar firij, da rigar sanyi mai gashi a wuya, da baƙin tabarau.

Ebere ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, Jos fa muka ce. Ko yaƙi aka fara ban ji ba?"

Zulaiha ta ɗaga kafaɗa. "Kowa da yadda yake tafiyarsa."

Sai da suka kwana a Jos abin ya fito fili. Jamila ta ce a fara da gidan namun daji. Zulaiha ta ce a'a, akwai wani gidan abincin mutanen China, can za a fara. Suka je. An rataye jajayen fitilu ko'ina saboda bikin. Zulaiha ta cusa wa Jamila waya a hannu.

"Ɗauke ni. Matsa baya. Kai, Jamila, keke-napef ya fito ta taga. Sake. Durƙusa. Ki ɗan karkata, ba hoton fasfo na ce ba."

Taliya ta huce a faranti, Jamila na durƙushe a ƙasa kamar mai neman allura.

Da suka dawo masauki Jamila ta buɗe wayarta, sai ga hoton a sitatus ɗin Zulaiha, an rubuta a ƙasa: "Alhamdu lillah, mun sauka Guangzhou lafiya. Kwastomomina ku saurari sababbin kaya, da hannuna nake zaɓa."

Jamila ta nuna wa Zulaiha hoton. "Mene ne wannan?"

"Talla ce, ƙawata. Ke ba ki san mutanenmu ba. Ba sa ganin darajar kaya sai sun ji kin hau jirgi."

Ebere ta ce, "Wace kasuwa ce a buɗe a Guangzhou wannan makon? Ko aljanu ne suka buɗe miki?"

"Wa ya san wannan a Azare?" in ji Zulaiha. Sannan ta kafa musu doka. Kada wadda ta sa hoto da ita a ciki. In wayar ɗaya ta yi ƙara a faɗa mata ta yi shiru. Layinta ma ta cire, sai Was'af.

Jamila ta haɗiye. Ta ce a ranta talla ce, ƙarya ce dai ta kasuwa, ba ruwanta.

Amma hutun da ta yi shekara tana jira sai ya koma aikin gayya. Maimakon hawan dutse, yawon neman farin bango suke. Maimakon kasuwar Taminus, tsayuwa suke gaban gini mai gilashi har mai gadi ya kore su. A wani hoton hannun Ebere ya leƙo ta gefe, Zulaiha ta manna mata fure a kai.

"Ki yi haƙuri," ta ce, "hannunki ya cika kama da Najeriya."

Da suka koma gida Ebere ta tashi kwaikwayonta. Ta yafa bargon gwaggo a wuya, ta turo baki, ta maƙe murya: "Assalamu alaikum kwastomomina, ga mu a Gwan-zuuu, sanyi kamar me, yanzu na gama magana da mai kamfani, ya ce Hajiya Zulai ke kaɗai muke jira."

Gwaggon Ebere ta yi dariya har da riƙe ciki. Jamila ko murmushi ba ta yi ba. Ƙafafunta sun kumbura da yawo, ko biri ɗaya ba ta gani ba.

Da safe suna zaune a tsakar gida, ana shan shayi da soyayyen dankali, wayar Jamila ta yi ƙara. Ya'u ne, yayan Zulaiha, mai noma a wajen Gadau. Zulaiha ta ɗora yatsa a baki tana zare ido. Jamila ta ɗaga, ta buɗe murya kowa ya ji.

"Yaya Ya'u, ina kwana?"

"Lafiya ba lau ba, Jamila. Muna asibiti da Inna tun jiya da la'asar."

Inna ita ce mahaifiyar Zulaiha. A cinyarta Jamila ta yi kitson ƙuruciyarta duka, a kwanonta ta ci tuwo ba adadi.

"Me ya same ta?"

"Kin san tana da ciwon suga. Tun ranar da Zulai ta tafi China hankalinta bai kwanta ba. Wai jirgi a kan teku, wai ƙasar da ba a jin yarensu. Sai ta yi bakance, ta ce za ta yi ta azumi kullum har ranar da jirgin Zulai ya sauka. Jiya muka tsince ta a bakin murhu. An sa mata ruwa ta farfaɗo. Likita ya ce in aka sake, ba lallai ta tashi ba. Yau kuma ta wayi gari ta ce ta ɗaura niyya. Ga koko ga magani, ta juya kai. Malam ya zo ya ce an ɗauke wa mara lafiya, ta ce shi ba shi ya haifi Zulai ba."

Jamila ta kalli Zulaiha. Dankali na hannunta, ta kasa kai shi baki.

"Ba mu gaya wa Zulai ba," in ji Ya'u. "Tana can wata duniya, me za ta iya ban da kuka? Ke Inna na jin maganarki. Don Allah ki kira ki lallashe ta."

Ya kashe.

Jamila ta ajiye wayar a hankali a kan tabarma. "Har Inna?"

Hawaye ya cika idon Zulaiha. "Da na gaya mata gaskiya, da safe duk unguwa ta ji. Kin san ta da surutu."

"Ɗauki waya ki kira ta."

"Zan kira. Zan ce ta sha maganin, ina lafiya."

"Ba ke ta yi wa alkawari ba. Allah ta yi wa. Sai jirgi ya sauka ta ce."

"To zan ce na taso. Gobe da yamma na sauka Kano."

"Gobe da yamma?"

"Jamila, ki gane mana. Ɗazun nan na sa hoto na ce ina Guangzhou. In na ce yanzu na sauka, mutane za su lissafa. Tafiyar jirgin ma yini guda ce. Gobe ne kawai fa, gobe."

Jamila ta miƙe tsaye. "Na durƙusa miki a gidan abinci, na yi shiru. Kin hana ni hutuna, na yi shiru. Kin rufe hannun Ebere da fure, na yi shiru. Yanzu tsohuwa na kwance da allura a hannu, ke kina lissafin awannin jirgin da ba ki hau ba? Mutanen da kike ƙarya da ƙasarsu fa, rufe kasuwa suka yi suka tafi wajen iyayensu. Ke kin baro taki tana yunwa saboda hoto."

"In kin tona ni, na gama a kasuwar Azare. Wa zai sake yarda da ni?"

Jamila ta sunkuya. Ta ɗauki waya ta danna wa Ya'u kiran bidiyo. Zulaiha ta yi tsalle za ta fizge, Ebere ta riƙe mata hannu biyu ta zaunar da ita.

"Zauna, Hajiya," in ji Ebere. "Jirgi zai sauka, a ɗaura bel."

Fuskar Inna ta bayyana, ta faɗa, leɓɓanta sun bushe. "Jamila, 'yar albarka. Su Ya'u sun haɗa ni da ke ko? Ba zan ci ba fa."

Jamila ta juya wayar. Ga Zulaiha a kan tabarma, a bayanta igiyar shanya, da kwandon dankali, da akuyar gwaggo tana cin ɓawo.

Inna ta matso da ido. "Zulai? Ke ce? Kin sauka?"

Zulaiha ta sunkuyar da kai.

"Inna," in ji Jamila, "ba ta hau ba balle ta sauka. Tare muke a Jos tun ranar da muka baro gida."

Inna ta ƙura wa wayar ido.

"Jos ta nan bayan Bauchi?"

"Ita, Inna."

"Ba jirgi, ba teku?"

"Sai motar haya."

Inna ta lumshe ido ta daɗe. Sannan ta ce, "To alhamdu lillah. Ya'u, ina kokon nan?"

Suna gani ta karɓi kofin da hannu biyu, ta sha, ta haɗiyi magani. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi zagi ba. Ta goge baki da gefen mayafi ta ce, "Kashe wayar."

A ranar suka kamo hanya. Sai bayan sun sauya mota a Bauchi Zulaiha ta ce wa Jamila, ba tare da ta kalle ta ba, "Kin tona mini asiri."

Jamila ta ce, "Gara a tona asirinki da a tona wa Inna rami."

A asibiti Inna ta kama hannun Jamila ta yi ta sa albarka. Ta tambayi Ebere lafiyar babanta. Zulaiha ta durƙusa a bakin gado ta ce, "Inna, ya jiki?" Inna ta ce, "Da sauƙi," ta juya fuska bango. Zulaiha ta gwammace a mare ta.

Bayan an sallami Inna, Zulaiha ta daure ta fito kasuwa, ta rufe rabin fuska da mayafi. Tana cikin buɗe kwaɗo, Kolade mai shagon waya na kusa da nata ya leƙo.

"A'a, mutanen ƙasar waje. Sannu da hanya. Yaya sanyin Jos?"

Zulaiha ta juya ta harari Jamila, wadda ke jera takalma a ɗaya ɓangaren. "Har kasuwa kika kawo shi?"

"Kar ki ɗauki alhakinta," in ji Kolade. "Ba wanda ya gaya mana komai. Ranar da kika sa hoton farko, layin nan har mai shayi sai da ya yi dariya. Ejan ɗinki ejan ɗina ne, yana ƙauyensu yana cin abinci da tsohuwarsa. Wa ya buɗe miki kasuwa? Kuma Ebere ta ce mana Jos za ku. Wa kuma bai san agogon Ebere ba? Furen bai rufe shi duka ba."

Zulaiha ta tsaya da kwaɗo a hannu. "Ke nan ba wanda ya yarda?"

"Ko mutum ɗaya," in ji Kolade.

Jamila ta ajiye takalmin da ke hannunta.

"Akwai mutum ɗaya," ta ce. "Ita ce ta yi miki azumi."

Darasi: Ƙaryar burga ba ta kama waɗanda aka yi ta dominsu. Su dariya za su yi su wuce. Wanda take kayarwa shi ne mai ƙaunarka, wanda bai taɓa tunanin za ka yi masa ƙarya ba. Kafin ki sa wannan hoton, ki tuna da mai ɗaga hannu tana miki addu'a a kansa. Kuma ƙawar gaskiya ba ita ce mai riƙe miki waya ba, ita ce mai juya wayar ranar da ya kamata. Ku tura wa ƙawayenku, musamman wadda kuka san tana "Dubai" alhali ɗazu kuka gan ta a bakin tasha.